Labari mai sa rai: tambayoyi da amsoshi kan aikin kafafen yaɗa labarai wajen gyaran al'umma

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin labarai ya san yadda ake zaɓen kanun labarai. Wanda ya fi tayar da hankali shi ke gaba: gobara, hatsarin mota, hari, badaƙalar kuɗi. Babu laifi a kawo su, tunda sun faru. Sai dai akwai rabin labarin da ake yawan bari a ƙasa, wato su wa suka tashi tsaye a kan matsalar, me suka gwada, kuma ya yi ko bai yi ba. Tambayoyin nan duk a kan wannan rabin suke.

Me ake nufi da labari mai sa rai kuma mai riƙon amana?

A ce ambaliya ta ci wata unguwa. Ɗan jarida na farko ya zo, ya ƙirga gidajen da suka rushe, ya ɗauki hoton wata mata tana kuka a kan katifarta da ta jiƙe, ya tambayi hukuma, ya koma. Bai yi ƙarya ba.

Na biyu ya yi duk wannan, sannan ya lura cewa unguwar da ke tsallaken titi, wadda ruwan sama ɗaya ya sauka a kanta, ba ta rasa ko ɗaki ɗaya ba. Sai ya tsallaka. Ya tarar tun kafin damina suka yashe magudanan ruwa, suka hana gini a kan hanyar ruwa, suka naɗa mutum uku masu buga waya idan kogi ya fara cika. Bai tsaya a kan abin da aka faɗa masa ba, ya je ya ga magudanan da idonsa, ya duba ko unguwar a kan tudu take, don kada ya ba wa shiri yabon da na tudu ne. Ya kuma rubuta inda shirin ya gaza: 'yan haya ba sa cikin jerin waɗanda ake bugawa waya.

Aikin na biyun shi ake nufi. A 2013 wasu 'yan jarida a Amurka, David Bornstein da Tina Rosenberg da Courtney Martin, suka kafa ƙungiyar Solutions Journalism Network don koyar da irin wannan aiki. Sharuɗɗansu huɗu ne: labarin ya tsaya a kan matakin da aka ɗauka da yadda yake aiki, ya kawo hujjar sakamako, ya fito da darasin da wasu za su iya ɗauka, ya kuma faɗi inda matakin ya kasa. A 2017 Ulrik Haagerup, tsohon shugaban sashen labarai na gidan rediyo da talabijin na ƙasar Denmark, ya buɗe cibiya mai irin wannan manufa a birnin Aarhus. A wurina sharaɗi na huɗu shi ne ƙashin bayan abin. Idan aka cire shi, talla ce ta rage.

Wannan ba wata hanya ce ta wanke masu mulki ba?

Tana iya zama haka, kuma sau da yawa ta zama. Ana yanke kyalle a buɗe asibiti, a ɗauki hoto, a kira shi labari mai daɗi, ba a tambayi ko akwai likita a ciki ba. Wannan farfaganda ce, ko da wane suna aka kira ta.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Duba wa ke tsakiyar labarin: mai muƙami ne ko aikin? Akwai alƙaluman da ba daga bakin mai aikin suka fito ba? An ji ta bakin wanda abin bai amfana ba? Idan amsar duka a'a ce, kunnenka ake shafa wa mai.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, labarin mafita ya fi labarin koke-koke takura wa mai mulki. Idan ka ce yara na mutuwa da gudawa, zai ce matsalar ta daɗe, kuma ba kuɗi. Idan ka nuna masa wata gunduma mai irin kasafinsa da irin talaucinsa, wadda ta rage mace-macen, ka kuma nuna yadda ta yi, ka ƙwace masa uzuri. Ba shi da sauran wurin ɓuya.

Me ya sa ake yawan maganar nan yanzu?

Saboda mutane sun fara gudun labarai. Cibiyar Reuters da ke Jami'ar Oxford tana binciken masu bin labarai a ƙasashe da dama kowace shekara. A rahotonta na 2024, kashi 39 cikin ɗari sun ce sukan kauce wa labarai da gangan, wani lokaci ko a kai a kai. A 2017 kashi 29 ne. Daga cikin dalilan da suke bayarwa akwai ɓacin rai, da gajiya, da jin cewa ba abin da za su iya yi. Mutumin da ya kashe rediyo don ya huta da baƙin ciki ba zai ji sanarwar rigakafi ba, ba zai ji binciken ƙwaƙwaf ɗin da aka yi wata shida ana haɗawa ba.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan zurfi. Masifa tana da rana da sa'a, shi ya sa take shiga labarai. Gyara kuwa a hankali yake tafiya, ba shi da ranar da za a ce yau ya faru. A 1990 yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 12.8 ne suka mutu a duniya. A 2022, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, adadin ya sauko zuwa miliyan 4.9. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da kurkunu a shekara. A 2023 mutum 14 aka samu a duk duniya, kuma ba da allurar rigakafi aka kai nan ba, da tace ruwa ne da wayar da kai ƙauye bayan ƙauye. Wanda ya dogara ga kanun labarai kaɗai zai iya tsufa bai taɓa jin waɗannan ba.

Kada a karanta wannan a matsayin a kwantar da hankali. Miliyan 4.9 a shekara na nufin yara sama da 13,000 kowace rana. Amma wanda ya san an rage adadin da fiye da rabi ya san abin mai yiwuwa ne, don haka ba zai yarda a ce masa haka duniya take ba.

Akwai hujjar cewa labari na canza halin mutane, ko fata ce kawai?

Akwai, kuma mafi yawanta daga wasan kwaikwayo ta fito, ba daga labaran ƙarfe takwas ba.

A 1951 BBC ta fara watsa wasan rediyo na The Archers a faɗin Birtaniya, tare da shawarar ma'aikatar noma, don manoma su ji sababbin dabaru daga bakin 'yan wasa a lokacin da ƙasar ke fama da ƙarancin abinci bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1969 a ƙasar Peru aka nuna wani shirin talabijin mai dogon zango, Simplemente María, labarin wata 'yar aiki da ta koyi karatu da ɗinki har ta tsaya da ƙafarta. Ba a shirya shi don koyarwa ba, amma sai aka ga 'yan mata masu aikin gida suna shiga ajin yaƙi da jahilci da na ɗinki. Wani marubuci a Meziko, Miguel Sabido, ya ga haka ya ce a yi abin da gangan. A 1975 ya fitar da shiri kan karatun manya a tashar Televisa, a 1977 ya yi wani kan tsarin iyali. Ya jingina aikinsa da nazarin Albert Bandura na Jami'ar Stanford, wanda ya nuna mutum na koyon hali ta kallon wani da kuma ganin abin da ya same shi.

Dabarar Sabido ta cancanci a tsaya a kanta. Yakan sa mutum uku: mai halin kirki, mai mugun hali, da na tsakiya mai kai-komo. Mai kallo ba ya ganin kansa a cikin na kirkin, don ya yi masa nisa, ba ya kuma yarda shi ne mugun. Na tsakiyar nan, mai son gyara amma yana tsoron surutun mutane, mai gwadawa ya faɗi ya sake tashi, shi ne madubinsa. Shiri da yawa na faɗakarwa suna faɗuwa ne don sun cika fage da waliyyai da shaiɗanu, ba su bar wa ɗan Adam wuri ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga Afirka ta Kudu yake. A 1999 shirin Soul City ya ɗauko maganar dukan mata. A wani fage miji na dukan matarsa a cikin ɗaki, maƙwabta na ji. A da kowa zai yi kamar bai ji ba. Sai suka fito da tukwane, suka tsaya a ƙofar gidan suna bugawa, ba wanda ya ce uffan, ba wanda ya ɓalle ƙofa. Ƙarar kaɗai ta gaya masa an ji, kuma ba a yarda ba. Bayan haka an samu rahotannin mutane suna yin hakan a zahiri a wasu unguwanni. Shirin bai ce duka ba kyau ya tsaya nan ba, kowa ya san ba kyau. Ya ba maƙwabci wani abu da zai iya yi da hannunsa ba tare da ya jefa kansa cikin faɗa ba. An kuma haɗa shirin da layin waya na neman agaji, da matsin lamba a fara aiki da dokar hana cin zarafi a gida ta 1998, wadda ta soma aiki a ƙarshen 1999.

To, duk shirin da aka yi da kyakkyawar niyya yana aiki ke nan?

A'a, kuma masu wannan aiki ya kamata su fi kowa faɗin haka. Tsakanin 2012 da 2015 ƙungiyar Development Media International ta yi wani gwaji a Burkina Faso: gidajen rediyo bakwai suna watsa saƙonnin lafiyar yara, yankuna bakwai kuma ba a watsa ba, don a kwatanta. Iyaye sun ƙara kai yara asibiti a inda aka watsa. Amma da aka auna mace-macen yara kai tsaye, ba a ga bambancin da za a iya tabbatarwa ba tsakanin ɓangarorin biyu. Rediyo na iya kai uwa ƙofar asibiti. Abin da ta tarar a ciki ba aikin rediyo ba ne.

A Ruwanda ma, Elizabeth Levy Paluck ta bi masu sauraron wasan rediyo na sulhu bayan kisan ƙare dangi, Musekeweya, wanda aka fara a 2004. A sakamakon da ta wallafa a 2009, abin da mutane suka yi imani da shi a zuciyarsu bai canza sosai ba. Abin da ya canza shi ne ganinsu game da abin da jama'a suka yarda a yi, kamar fitowa fili a ƙi amincewa da magana, da kuma yadda suke yi a cikin taro. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutane da yawa ba mugunta ke sa su shiru ba, zato suke su kaɗai ne ba su yarda ba.

Idan labari na gyara, ba zai iya ɓatawa ba?

Ruwandan ce amsa. Gidan rediyon RTLM ya fara aiki a 1993 da kaɗe-kaɗe da barkwanci da hira irin ta matasa, har ya samu kunnen jama'a. Da wannan muryar ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai. Da kisan ƙare dangi ya ɓarke a Afrilun 1994, yana karanta sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya. An kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari. A Disamban 2003 kotun ƙasa da ƙasa da ke Arusha ta samu Ferdinand Nahimana da Jean-Bosco Barayagwiza na gidan rediyon, da Hassan Ngeze na jaridar Kangura, da laifi.

Kayan aikin iri ɗaya ne da na masu gyara: murya mai shiga rai, maimaitawa, labarin mu da su. Shi ya sa ba a raba sa rai da riƙon amana. Masu rura wuta ma suna sayar da fata, fatan rayuwa mai daɗi bayan an kawar da wasu. Magana zarar bunu ce, kuma duk labarin da sai ya mai da wata ƙungiyar mutane dabbobi kafin ya yi daɗi, a ajiye shi.

Ya halatta a ɗan ƙara gishiri idan manufar mai kyau ce?

Bai halatta ba. A wasan kwaikwayo kowa ya san ƙirƙira ce, ba a yaudari kowa ba, ko da yake bayanin lafiya ko na doka da ke ciki dole ya zama daidai. A rahoto kuwa alƙawari ne tsakaninka da mai karatu cewa abin ya faru. A 1980 jaridar Washington Post ta buga labarin wani yaro ɗan shekara takwas mai shan hodar iblis ta heroin. Hukumomi suka bazama nemansa. Ashe babu shi, ƙirƙirarsa aka yi. A 1981 aka mayar da kyautar aikin jarida ta Pulitzer da labarin ya ci. A Disamban 2018 mujallar Der Spiegel ta Jamus ta sanar cewa ɗaya daga cikin fitattun marubutanta, Claas Relotius, ya daɗe yana ƙirƙiro mutane da zantuka. Matsalolin da suka rubuta a kai na gaske ne, kuma su suka fi cutuwa, domin duk mai son musanta su ya samu abin nuni.

Hotunan yara masu yunwa da gawarwaki fa? Ba su ke motsa mutane ba?

Suna motsawa, ba a musu. Rahoton Michael Buerk na BBC daga Korem a Habasha a Oktoban 1984, da hotunan da Mohamed Amin ya ɗauka, shi ya tayar da duniya kan yunwar shekarar. Hoton Alan Kurdi, yaron Siriya da ruwa ya ci aka tsince shi a gaɓar tekun Turkiyya a Satumban 2015, ya yi abin da alƙaluman dubban ɗaruruwan mutanen da suka mutu a yaƙin Siriya ba su yi ba. Paul Slovic da abokan aikinsa sun bi gudummawar da aka riƙa bai wa ƙungiyar agaji ta Red Cross a Suwidin bayan hoton: ta yi tashin gwauron zabi, sannan cikin 'yan makonni ta sauko. Tausayi na tashi da sauri, yana kuma kwantawa da sauri idan ba a nuna masa inda zai sa ƙafa ba.

Akwai kuma wanda ke cikin hoton. Ka ɗauki uwa zaune a bakin gadon asibiti, ɗanta da robar ƙarin ruwa a hannu, kwana uku ba ta runtsa ba. Wani ya shigo da kyamara tare da ma'aikacin da ke ba da magani. Ya ce zai ɗauka. Za ta iya cewa a'a? A zatonta ƙin yarda na iya shafar maganin ɗanta. Gyaɗa kan da ta yi ba amincewa ba ce. Amincewa ita ce a gaya mata da harshenta inda hoton zai je, cewa zai iya yawo a intanet shekara da shekaru, cewa ƙin yarda ba zai rage mata komai ba, a kuma ba ta lokaci. Sannan a tambaye ta fiye da ciwonta: me ta yi kafin ta iso nan, nisan da ta yi tafiya, me take ganin ya kamata a gyara. Ita ta fi kowa sanin inda tsarin ya karye. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne, da 'yar'uwata ce, zan yarda a nuna ta haka? Kuma idan yaron ya girma ya ga hoton, me zai ji?

Akwai labaran da yadda aka ba da su kan iya jawo asarar rai kai tsaye?

Labarin wanda ya kashe kansa na daga ciki. A birnin Biyana na Ostiriya, bayan an yi ta samun masu faɗawa gaban jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, an fitar da ƙa'idoji ga 'yan jarida a 1987. Jaridu suka daina kambama labaran, adadin ya faɗi sosai cikin watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara iri ɗaya: kada a bayyana hanyar da aka bi, kada a sa a babban kanu, kada a ce dalili ɗaya ne ya jawo, a faɗi inda ake samun taimako. A 2010 Thomas Niederkrotenthaler da abokansa suka nuna ɗaya gefen: labaran mutanen da suka shiga ƙunci suka fita da rai suna tafiya tare da raguwar kashe kai.

Ni ba ɗan jarida ba ne, waya kawai gare ni. Ina ruwana?

Duk wanda ke tura saƙo zuwa rukunin mutum ɗari biyu a WhatsApp edita ne, ko ya sani ko bai sani ba. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT suka wallafa nazarin labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter. Na ƙarya sun fi na gaskiya samun masu turawa da kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma mutane ne suka fi yaɗa su, ba na'urori ba. Kafin ka tura, duba wa ya fara faɗa, yaushe, kuma hoton na wannan abin ne ko na wata ƙasa shekara biyar baya. Labarin daɗi ma a bincika shi, musamman na maganin da aka ce yana warkar da komai. Idan ka tura abu ya zama ba haka ba, koma inda ka tura ka gyara.

Mai son fara irin wannan aiki, ta ina zai kama?

Ta matsalar da ya riga ya sani. Ya ɗauko alƙalumanta, ya daina kallon wanda ya fi kowa lalacewa na ɗan lokaci, ya nemi wanda ya fi takwarorinsa duk da halinsu ɗaya: makarantar da 'yan mata ba sa barinta, asibitin da masu haihuwa ba sa mutuwa a cikinsa kamar sauran. Ya je ya tambayi yaya, ba wane ne gwarzo ba. Gwarzo ba a kwaikwayonsa, hanya ce ake kwaikwaya. Ya nemi wanda ba ya cin moriyar aikin ya auna masa shi. Wannan ba ya buƙatar kuɗi fiye da na kowane rahoto mai kyau, ƙarin tambaya ce da ƙarin tafiya.

Idan na ba da labarin wata mafita, daga baya ta zama ba ta yi ba fa?

Sai ka koma. A 2005 'yar jarida Amy Costello ta yi rahoto a shirin Frontline na tashar PBS kan wani famfo da ake kira PlayPump a Afirka ta Kudu: lilo ne mai juyawa, yara na wasa a kansa, juyawar na ɗago ruwa daga ƙasa zuwa tanki. Hoton yara na dariya ruwa na zuba ya shiga ran masu kallo. A 2006 aka sanar da tallafin dala miliyan 16.4 daga gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi don yaɗa shi. A 2009 wani marubuci a jaridar Guardian ya yi lissafi ya ga cewa, don a cika alƙawarin yawan mutanen da aka ce za su samu ruwa, sai yara sun yi awa 27 a rana suna juyawa.

A 2010 Costello ta sake ɗaukar kyamara ta tafi Mozambik. Ta tarar da famfunan da suka lalace aka yi watanni ba a gyara ba. Ta tarar da ƙauyukan da aka cire musu famfon hannu mai aiki aka kafa lilon ba tare da an shawarce su ba. A inda yara suka gaji ko suka tafi makaranta, mata ne, har da tsofaffi, ke tura lilon da hannu don su samu abin cika bokiti. Ta nuna duka a shirin da ya fara yabon famfon, da muryarta, ta kuma sa hotunan rahotonta na farko a ciki.